Wanda ya sha ruwan rijiyarmu, shi maido muna da guga

Yau magana ce ta taho da ni, kuma maganar da ɗan zafi. Wanda ta taɓa shi yi haƙuri, amma shi karanta har ƙarshe.

Kun san baƙin da zan yi magana bisansu. Mota ta tsaya ƙofar maigari. Saurayi ko budurwa su fito da kaye da bik da ƴar na'urar ɗaukar magana. A shimfiɗa musu tabarma, a dama musu fura. Sa'annan su shiga tambaya. Wa ya kafa garinga? Daga ina kakanninku sunka taho? Wane icce kuke jiƙa ma mai shawara? Ina littattafan da liman ya gada? Su auna rijiya, su ɗebi ƙasar gona cikin leda, su ɗauki hoton tsofaffi. Bayan kwana bakwai su yi sallama, su ce sai sun dawo. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, nawa sunka dawo?

Waɗannan baƙi su ne ake ce ma masu bincike. Da yawansu ɗalibai ne na manyan makarantu, masu biɗar digirin ƙarshe.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Shekara tara ke nan ina koya ma manya karatu da rubutu cikin ƙauyukan ƙasar Maraɗi. Bisa baƙin nan na ji magana iri biyu, kuma duka biyun ban yarda da su ba. Ta farko daga bakin wani dattijo na ji ta, cikin ajinmu na dare. Ya ce: "Malam, ƙato da gemu, shekara ashirin shina karatu, bai noma ba, bai yi fatauci ba, sai tambayar tsofaffi labarin matattu. Wanga aiki ne ko zaman banza?" Ta biyu a Yamai na ji ta, daga bakin wani mai zurfin karatu. Na tambaye shi don mi ba su maido ma ƙauye abin da sunka gano. Ya yi dariya, ya ce: "Mushe, waɗannan abubuwa sun fi ƙarfin kan talaka."

Dattijo kuskure ya yi, don ba a taɓa yi mishi bayani ba. Mai zurfin karatu kuwa raini ya yi. Zan ba kowa amsarshi, amma sandata ta fi nauyi bisa na biyu.

Mi ne ne bincike?

Yaro shina yin shekara 6 a ƙaramar lakwal, 4 a kwaleji, 3 a lise. In ya ci jarrabawar bak sai shi shiga jami'a. Can shina yin shekara 3 shi samu lisansi, shi ƙara 2 shi samu masta, shi ƙara 3 ko fiye shi samu doktora. Ku haɗa lissafi da kanku: shekara 21 ke nan, in bai faɗi ko sau ɗaya ba. Wanda ya gama ana ce mishi dokta, ko da bai taɓa riƙe allura ba. Akwai doktan tarihi, akwai doktan ƙasar noma, akwai doktan addini, akwai doktan harshe.

Tun daga aji ɗaya har lisansi, ɗalibi tuwon da wasu sunka tuƙa shike ci. In ya kai matakin bincike sai a ce mishi: to, kai ma ɗora tukunyarka. Dole shi zaɓi tambaya guda wadda ba a san amsarta ba. Dole shi biɗi shaidu, shi gwada maganar wannan da ta wancan, shi yar da abin da ba shi da tushe. Daga baya shi rubuta babban littafi da ake kira kundin bincike. Ranar ƙarshe shi tsaya gaban manyan malamai, a bainar jama'a, su yi ta jifarshi da tambayoyi. In shaidarshi ta tsaya, ya ci. In ta rushe, shi koma aiki.

Kada ku ce wagga hanya Turawa sunka ƙago ta. Imamu Buhari, wanda anka haifa a shekarar 810 ta Miladiyya ya rasu a 870, irin wanga aiki ya yi. Ya yi yawo Makka da Madina da Iraki da Sham da Masar. Kowane hadisi ya ji sai shi tambaya: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa mishi, kuma sun taɓa haɗuwa kuwa? Malamai sun ce ya yi shekara 16 bisa littafinshi, ya tace ruwayoyi wajen dubu 600, ya riƙe wajen dubu 7 har da masu maimaici. Wa za shi ce Buhari zaman banza ya yi?

Ga misali na kusa da gida. A shekarar 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Bule da Shanuwan, ta ratsa ƙasarmu daga yamma zuwa gabas. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi kisa mai muni a Birnin Ƙonni, ta ƙona garuruwa da yawa. Hafsoshin biyu kusa da Maijirgi sojojinsu sunka kashe su. Takardun soja da ke ajiye a Faransa suna ba da rana da wata da yawan bindigogi, amma Sarauniya kalmomi kaɗan sunka ba ta, su ma na raini. Tsofaffinmu sun riƙe sunayen garuruwa da abin da kakanninsu sunka gani, amma sukan sauya shekara, wani kuma shi ƙara gishiri. Aikin mai binciken tarihi shi ne shi ajiye takarda nan, shi ajiye bakin tsoho nan, shi duba inda sunka haɗu da inda sunka rabu. In babu mai yin haka, labarin wanda ya yi ɓarnar kaɗai za a bar ma ɗiyanmu.

Amsa zuwa ga dattijo

Baba, ka ce tonon tsohon labari ba shi ƙosar da kowa. Saurara.

A ƙasar Sin akwai wata mata mai suna Tu Yuyu. A shekarar 1969 anka ɗora ta bisa aikin biɗar sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, don tsofaffin magunguna sun fara kasawa. Ita da abokan aikinta sunka tara magungunan gargajiya fiye da 2000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani. Wani haki, dangin tazargade, ya ba su fata, amma in sun dafa shi sai ƙarfinshi shi ɓace. Sai ta koma cikin wani littafi da anka rubuta shekara fiye da 1600 da sunka wuce. Ta iske mai littafin jiƙa hakin ya ce a yi, a matse, bai ce a dafa ba. Nan ta gane zafin wuta ke kashe maganin. A 1971 ta fitar da shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki. Ƙwayar da ake ba jikanka a likita in masassara ta kama shi cikin damana, tushenta ke nan. A 2015 anka ba matar kyautar Nobel, babbar kyautar masana ta duniya. Tsohon littafi da gwajin zamani sunka haɗu, rayuka miliyoyi sunka tsira.

Ga na biyu. A shekarar 2000 wasu masu bincike suna biɗar ƙasusuwan manyan dabbobin da cikin Tenere, sai sunka faɗa bisa wata maƙabarta a wurin da ake kira Gobero. Kaburbura wajen 200 anka ƙidaya. Kusa da su ga ƙashin dorina, ga na kada, ga na giwan ruwa. Ashe inda babu ko ɗigon ruwa yau, da can babban tafki ne, mutane na su a ciki shekara wajen dubu 9 da sunka wuce. Tafkin ya ƙafe, mutane sunka tashi. Bayan shekara wajen 1000 ruwa ya dawo, wasu mutane daban sunka zauna. Cikin wani kabari an iske mace da yara biyu rungume da juna, sun fi shekara dubu 5 a kwance. Mu da muke ganin rairayi na cin gonakinmu, ba mu da buƙatar sanin cewa ƙasa tana bushewa ta jiƙe, kuma mutane na tashi saboda ruwa tun kafin kakannin kakanninmu?

Na uku cikin gonarka shike, Baba. Bayan yunwar 1984 manoman Maraɗi da Damagaram sunka riƙa barin tohon itatuwa cikin gona. Maimakon su sare duka lokacin sassabe, sai su zaɓi reshe mai ƙarfi su gyara shi ya girma. Bayan shekara wajen ashirin masu bincike na gida da na waje sunka ɗauko tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka, sunka gwada su da sababbi na tauraron ɗan Adam, sunka kuma shiga gonaki da ƙafa suna ƙidaya. Lissafinsu ya ba da hekta wajen miliyan 5 da sunka sake yin kore, da itatuwa wajen miliyan 200. Masana sun kuma bayyana abin da kun daɗe da sani game da gawo: shina zubar da ganye da damana, saboda haka ba shi tare ma hatsi rana, kuma saiwarshi na ƙara ma ƙasa taki. Yau ana ba da labarin manoman Nijar a manyan tarurrukan duniya, ana koya ma wasu ƙasashe dabararku.

To, Baba, an taɓa zuwa garinku an karanta maka wannan? Ba a taɓa ba. Ga inda faɗana da mai zurfin karatu ya soma.

Ina ilimin shike tafiya?

Al'adar ta daɗe. Akwai wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan Dambanas kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. An kama shi bauta shina ƙarami, anka kai shi Barno. Wani Bajamushe ya ƴanta shi, ya zama yaron matafiyin nan Bart, wanda mutanenmu sunka sani da Abdulkarimu. Ya bi shi har Tumbutu, kuma a 1855 ya bi shi Turai. A Ingila wani malamin mishan mai suna Shon ya zaunar da shi shina rubuta Hausar bakinshi, da tatsuniyoyi, da labarin rayuwarshi. Shon ya fitar da ƙamus na Hausa a 1876, ya samu kyauta a Faransa saboda aikinshi, ya buga labarin Dorugu a 1885. Gaskiya ɗaya ce, bai ɓoye sunan yaron ba, kuma da bai rubuta ba da labarin ya ɓace. Amma a Landan anka buga littafin. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Mutanen Kance, nawa ne cikinku sunka taɓa jin sunan ɗanku da ya koya ma Turai Hausa?

Haka Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya a Najeriya. A 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Meri Simit, ta ba ta labarin rayuwarta: aure, kishiya, bauta, bori, zuwan Nasara. Ta rasu a 1951. Littafin ya fito da Ingilishi a 1954, ɗalibai sunka yi ta karanta shi a jami'o'in duniya. Hausar da ta fito daga bakin tsohuwar kuwa, sai bayan shekara fiye da 30 anka buga ta.

An rubuta littafi sukutum bisa alhazan Maraɗi da yadda sunka tara dukiya. Ya fito da Faransanci a 1986, anka juya shi zuwa Ingilishi a 1992. Littafi ne mai amfani. Wa ya taɓa ganinshi da Hausa a kasuwar Maraɗi?

Bari in ba ku nawa. Kakana maƙeri ne, kuma shina cikin na ƙarshe a yankinmu da sunka narka tama da hannunsu, tun kafin ƙarfen mota ya cika kasuwa. Ina yaro wani ɗalibi ya taho daga wata ƙasa, shi da tafintanshi. Ya yi sati uku gidanmu, ya ci tuwonmu. Kakana ya kai shi daji ya gwada mishi ramukan da ake tonon tama, da tudun kashin maƙera, da yadda ake gina murhun. Abin da bai faɗa ma ɗiyanshi na cikinshi ba, ya faɗa ma baƙon, don ya ce a rubuce ba shi ɓacewa. Baƙo ya yi alkawarin dawowa. Kakana ya jira har Allah ya ɗauki ranshi.

Bayan na gama makarantar horon malamai, wata rana a Yamai na iske kundin cikin wani ɗakin ajiyar littattafai. Na buɗe, sai ga hoton kakana da zugazuganshi. Ƙarƙashin hoton an rubuta da Faransanci: wani tsohon maƙeri. Babu suna, babu gari. Na ci gaba da karatu, sai na iske an rubuta wai da iccen gawo maƙeranmu ke narka tama. Kakana gawayi ya ce, gawayin ƙirya. Kunnen baƙo ya ji gawo. Da an dawo an karanta ma maƙera kundin, da yaro ƙarami ma ya gyara mishi. Yanzu kuskuren na kwance cikin littafi, wani ɗalibi za shi kwafa, wani shi kwafa daga gare shi.

Kun ga rashin dawowa ba mu kaɗai shike cuta ba. Shina cutar ilimin kanshi.

Baƙo dai baƙo ne, ya koma ƙasarshi. Waɗanda sunka fi ba ni haushi su ne ɗiyanmu. Da kuɗin ƙasa anka karantar da su, da gumin manomi da makiyayi. Sun sha nonon Hausa, ko na Zabarmanci, ko na Fulatanci, ko na Barbarci, ko na Buzanci. Amma in sun tashi rubutu sai su rubuta ma malamansu na Faris kaɗai, uwar da ta haife su ba ta samun ko shafi ɗaya.

Hujjojinsu, da amsata

Suna cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Ku dubi lambobin da kuke rubutawa bisa allo, 1, 2, 3 har zuwa sifiri. Daga ƙasar Indiya sunka fito. Wajen shekarar 825 wani malami a Bagadaza, Alhawarizmi, ya bayyana su da Larabci. Daga baya Turawa sunka juya littafin zuwa harshen malamansu. Kalmar sifiri daga Larabci munka aro ta, kuma kalmar da Faransawa ke kiran lamba da ita, daga nan su ma sunka aro. Babu harshen da anka haifa da kalmomin kimiyya cikin baki. Aro ake yi, ƙira ake yi. Mu da munka ƙera jirgin sama da wayar hannu da tauraron ɗan Adam cikin bakinmu, sauran ba za su gagare mu ba.

Suna cewa babban malami ba shi sauka ƙasa. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta san Larabci har tana musayar wasiƙa da malaman nesa. Duk da haka ta zauna ta tsara ilimi da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, suna tahowa daga ƙauyuka su koya, su koma su koya ma ƴan uwansu mata. Wane dokta ne yau ya fi ta daraja? Ga kuma Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda anka haifa a 1929. Masanin hasken rana ne, ya jagoranci ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta Nijar daga 1969, inda anka ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. Tun a 1964 ya rubuta littafi shina cewa a karantar da ɗiyan Afirka da harsunansu. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 anka sa ma jami'ar Yamai sunanshi. Masu wucewa ƙarƙashin sunan nan kowace safiya, su tuna abin da mai sunan ya tsaya a kai.

Suna cewa mutanen ƙauye ba su iya karatu ba. Wagga hujja ta tsufa. Tun 1963 anka soma yaƙi da jahilci a Nijar. A 1966 anka yi taro a Bamako anka daidaita baƙaƙen rubuta harsunanmu. A 1973 anka buɗe makarantar farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 anka rubuta cikin babbar takardar tafiyar da ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Kai da kake riƙe da wagga jarida, kai ne amsar. Abin da ke damun almajiraina shi ne rashin abin karantawa. Mutum shi sha wahala wata shida shi koyi baƙaƙe, sa'annan shi rasa takarda sai ta maganin ƙwari. Bayan shekara biyu karatun shi gudu. Ga yunwa nan, ga kuma rumbu cike an kulle da kwaɗon Faransanci.

Suna cewa aikin ba shi yiwuwa. Ya yiwu. A 1964 hukumar UNESCO ta ɗauki aikin rubuta tarihin Afirka baki ɗaya, littafi 8 na farko sunka kammala cikin shekara wajen 35. Bubu Hama namu shina cikin marubutan littafi na ɗaya. An taƙaita aikin, an juya sashenshi zuwa Hausa da Fulatanci da Suwahili. In an iya da tarihin nahiya guda, ba a kasawa da tarihin gari guda.

Hujja ɗaya ce na yarda da rabinta. Suna cewa dole masanin Nijar shi yi magana da masanin Japan da na Amurka, kuma Hausa ba ta kai can. Gaskiya ne. Na san kuma ɗalibi talaka ne, sau da yawa kuɗin motar komawa ƙauye ma ba shi da su, kuma ba a ƙara mishi girma don ya rubuta da Hausa. Ban ce a daina rubutu da Faransanci ko Ingilishi ba. Na ce bayan shafi 400 na malamai, a yi shafi 4 na masu gari. Jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna iya sa doka: ba a ba ɗalibi digiri sai ya kawo taƙaitaccen bayani da harshen mutanen da ya yi bincike cikinsu, da shaidar cewa ya koma ya karanta musu. Jami'ar Damagaram na ɗauke da sunan Andire Salifu, wanda ya rubuta tarihin sarautar Damagaram a 1971. Ta Tawa na ɗauke da sunan Jibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar a 1975. Ina ma a ce kowane aji na yaƙi da jahilci na da waɗannan littattafai biyu da Hausa mai sauƙi.

Rashin sani kuma hasara shike jawowa. A Bura, cikin ƙasar Tera, a 1975 anka gano wata tsohuwar maƙabarta cike da tukwane da mutum-mutumin yumɓu. Masanin ƙasarmu Bube Gado ya tona wurin bisa ƙa'ida a 1983. Kayan sun haura shekara 1000. Da labari ya kai Turai sai dillalai sunka taso, anka yi ta tonon dare ana sayarwa, har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta gargaɗi masu saye. Tukunyar da anka cire daga wurinta ba tare da awo da rubutu ba, ta zama bebiya, ba ta sake ba da labari. Talakan da ya sayar bai san shafin tarihin ƙasarshi ya yage ba. Wa ya zo ya faɗa mishi?

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, kada ku kori mai bincike. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa. Ku ba shi ruwa, ku ba shi gaskiya. Kada ku ƙara gishiri don ku burge shi, don ƙaryar da kunka yi yau jikokinku za su karanta ta a matsayin tarihi.

Na biyu, ku ma ku fito da kaye da bik. Ku rubuta sunanshi, da makarantarshi, da sunan malaminshi, da lambar wayarshi. Ku tambaye shi mi shike biɗa, kuma ina za shi kai shi. Kuna da ikon ƙin amsa tambayar da ba ku so. Kuna da ikon cewa a sa sunanku, ko a ɓoye shi.

Na uku, ku yi sharaɗi gaban maigari tun ranar farko: in ka gama, ka dawo ka karanta muna da Hausa, ka bar muna takarda. In ba ka iya dawowa, ka aiko da murya ta salula, a saurara a dandali.

Na huɗu, kada ku sayar da tsofaffin littattafan gidanku, na Larabci ko na ajami. Mai so shi ɗauki hoto, littafi shi zauna gida, nesa da gara da ɗigon ruwa. A Yamai, cibiyar bincike ta jami'a da ake kira IRSH na ajiye da irinsu wajen 4000, kuma Bubu Hama ne ya soma tara su. Abin da ƙasa ke ginin ɗaki don ta adana, kada ku ba da shi a bakin kuɗin goro. Haka tukwane da duwatsun da kunka iske cikin kufai, ku bar su inda suke ku sanar da hukuma.

Na biyar, ku yi naku binciken. Ajinmu mun gwada bara. Mun zaɓi tambaya guda: wa ya gina tsohuwar rijiyar gari? Munka tambayi tsofaffi uku, kowa daban. Biyu sunka ba da suna ɗaya, na uku ya ba da wani. Munka koma munka tambayi kowannensu daga wa ya ji. Ashe na uku gyaran rijiyar shike nufi, bayan ta rufta. Munka rubuta duka cikin kaye, da sunan kowane tsoho da ranar da ya yi magana. Kun san wanda ya riƙe bik? Dattijon nan ne mai cewa zaman banza. Ɗaya daga cikin tsofaffin uku ya rasu da bazara. Maganarshi na nan cikin akwatin maigari.

Ku kuma masu manyan digiri, in wagga takarda ta faɗo hannunku, ba gaba nike yi da ku ba. Ɗiyanmu ne ku, muna alfahari da ku. Amma bashi na bisa wuyanku. Almajiraina sun iya karatu yanzu, suna jiranku gindin bedi bayan sallar isha'i, da fitila.

Wanda ya rubuta tarihin garinsu, ko na sana'ar gidansu, shi ba malamin ajinsu shi aiko ma jarida. Allah shi ƙara muna sani mai amfani.